Yadda Ake Zaɓar Jami'a Ɗaya Idan Zariya da Kano Duk Sun Kira Ka

Duk shekara, da zarar jami'o'i sun fara sakin sunayen waɗanda suka ba gurbin karatu, akan samu gidaje a Katsina da Daura inda murna take komawa muhawara, domin yaro ɗaya ya ga sunansa a wuri biyu: Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta kira shi, Jami'ar Bayero ta Kano ita ma ta nuna tana son sa. Mahaifi yana cewa Zariya saboda sunanta ya cika masa kunne tun yana yaro, mahaifiya tana cewa Kano saboda ta fi kusa kuma akwai ƙanwarta da ke aure a can, shi kuwa yaron hankalinsa yana wajen garin da abokansa za su tafi. Na zauna a irin wannan zama fiye da sau ɗaya, kuma abin da ya fi damuna shi ne yadda ake barin maganar kwas ɗin da yaron zai karanta da ƙarfin aljihun gidan sai ƙarshe, alhali su biyun ne za su yanke ko zai fito da digiri ko zai dawo gida a tsakiyar hanya. Da waɗannan jami'o'i biyu zan yi misali saboda su ne suka fi jan 'ya'yanmu, amma matakan suna aiki ga wanda ke auna Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ko Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke nan Katsina da wata ta nesa.

Mataki na farko shi ne ka tabbatar da cewa gurbin biyu ne da gaske. Tun shekarar 2017 hukumar JAMB ta kafa tsarin CAPS, wanda ta cikinsa ne kaɗai ake ba da gurbin da hukuma ta sani, kuma tsarin ba ya barin ɗalibi ya riƙe gurbi biyu a lokaci guda. Saboda haka idan ka ce jami'o'i biyu sun ɗauke ka, yawanci abin da ya faru shi ne ɗaya ta sa sunanka a CAPS, ɗayar kuma ta fitar da sunanka a shafinta, ko ta aiko da buƙatar a mayar da kai wajenta tana jiran amincewarka, ko kuma ka bi ta makarantar share fagen shiga jami'a, irin wadda Jami'ar Ahmadu Bello take da ita a Funtua, kana jiran a kammala naka. Ka shiga shafin JAMB da kanka, ka duba sunan jami'ar da sunan kwas ɗin da aka rubuta maka harafi da harafi, sannan ka duba ko sakamakonka na WAEC ko NECO yana ciki, domin rashin ɗora shi yana tsayar da gurbi. Alkawarin baka daga wani da ya ce ya san wani a ofishin ɗaukar ɗalibai bai zama gurbi ba tukuna, kuma wanda ya yi karatu ba tare da sunansa ya shiga rajistar JAMB ba zai gamu da matsala ranar da takwarorinsa za su tafi bautar ƙasa. Kada ka saki wanda ke hannu saboda wanda ake cewa yana tafe, sai ka ga alamarsa a rubuce.

A nan zan ja kunne a kan abu guda da na gani da idona. Wani ɗan 'yar'uwata ya je shagon intanet don a duba masa, ya miƙa wa mai shagon adireshinsa na imel da kalmar sirri, mai shagon ya ga gurbi ya fito, ya danna maɓallin amincewa nan take da niyyar kyautatawa, ya kira shi yana taya shi murna. Kwas ɗin ba shi ne yaron yake so ba, kuma bayan kwanaki kaɗan wata jami'ar ta neme shi a kan wanda yake so, amma ƙofa ta riga ta rufe. Idan dole ne ka je shago, ka zauna kusa da mai duba maka, ka gaya masa tun kafin ya buɗe shafin cewa dubawa kawai ka zo yi. Haka kuma ka riƙe layin wayar da ka yi rajistar JAMB da shi, kada ka bari ya mutu ko ya koma hannun wani.

Mataki na biyu, wanda a ganina ya fi duk sauran nauyi, shi ne ka ajiye sunayen jami'o'in a gefe ka kwatanta kwasa-kwasan da aka ba ka. Sau da yawa wuraren biyu ba abu ɗaya suke ba ɗalibi ba: a nan an ba shi abin da ya nema, a can kuma an tura shi wani sashe saboda makinsa bai kai ba. Wanda ya nemi aikin injiniya aka ba shi a jami'a ɗaya, aka kuma ba shi kimiyyar lissafi a ɗayar, zaɓinsa tsakanin sana'o'i biyu ne, kuma sunan garin ba shi da wani tasiri a kan hakan. Ka tambayi kanka da gaskiya ko za ka iya zama da wannan fannin shekara huɗu ko biyar, ko darussan da ke cikinsa suna cikin waɗanda ka iya a sakandare, da kuma irin aikin da waɗanda suka gama shi suke yi yanzu. Akwai wata magana da ake yawan faɗa wa yara, wai ka shiga kawai, idan ka gama aji ɗaya za a canja maka zuwa likitanci ko shari'a. Canjin kwas yana yiwuwa a wasu sassan ga wanda ya samu maki mai kyau kuma aka samu wuri, amma a fannonin da ake rububi abu ne mai wuyar gaske, domin hukumar da ke kula da likitoci da majalisar da ke kula da karatun lauyoyi suna ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka, kuma wuraren sun cika tun daga ranar farko. Ka ɗauka cewa kwas ɗin da ka shiga da shi, da shi za ka fito. Idan zuciyarka ba ta yarda da hakan ba, to wannan gurbin bai dace da kai ba.

Idan kuwa kwas ɗaya aka ba ka a wuraren biyu, sai a koma ga ƙarfin sashen. Kowace daga cikin jami'o'in nan tana da inda tarihinta ya fi zurfi. Ta Zariya an buɗe ta a 1962, ta gaji makarantu da cibiyoyin da suka girme ta, shi ya sa take da daɗaɗɗen tushe a aikin gona ta hanyar cibiyar binciken noma ta Samaru, da likitancin dabbobi, da aikin injiniya, da zanen gine-gine, da zane-zanen fasaha. Ta Kano ta fara ne a 1960 a matsayin Kwalejin Ahmadu Bello, daga baya ta zama Kwalejin Abdullahi Bayero a ƙarƙashin ta Zariya, ta zama jami'a mai cin gashin kanta a 1977, kuma ta yi suna a Larabci da nazarin addinin Musulunci da harshen Hausa da aikin jarida, ga kuma cibiyarta ta binciken noma a busassun yankuna, wadda aikinta ya shafi irin ƙasarmu ta Daura da Mai'aduwa da Zango kai tsaye. Sai dai tarihi kaɗai ba ya koyar da ɗalibi. Abin da kake buƙatar sani shi ne halin da sashen yake ciki bana: malamai nawa ne a ƙasa, ɗalibai nawa ne a aji ɗaya, ko ɗakin gwaje-gwaje yana aiki ko kallon kayan kawai ake yi, ko sakamakon jarrabawa yana fitowa a kan lokaci. Wanda zai gaya maka wannan shi ne ɗalibin da ke aji uku ko huɗu a wannan sashen. Ɗan aji ɗaya bai gama sanin wurin ba, wanda ya gama shekara ashirin da suka wuce kuwa labarin wata jami'ar yake ba ka ko da sunan bai canja ba. 'Yan jihar Katsina suna da ƙungiyoyin ɗalibai a manyan jami'o'in nan, kuma da wuya a rasa ɗan unguwa ko ɗan ƙaramar hukumarku da za a haɗa ka da shi. Ka tambayi mutum biyu ko uku a kowane wuri, domin mutum ɗaya zai iya ba ka labarin ɓacin ransa ne kawai.

Mataki na uku gajere ne amma ba a tsallake shi. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, tana tantance kowane kwas daban, ta ba shi cikakkiyar amincewa, ko ta wucin gadi, ko ta hana shi. Ana iya samun babbar jami'a mai suna da wani kwas nata da ke kan amincewar wucin gadi, musamman idan sabo ne. Fannonin sana'a kuma suna da tantancewa ta biyu daga hukumominsu, kamar COREN ga injiniyoyi da MDCN ga likitoci, kuma sai da ita mutum yake samun lasisin aiki. Ka bincika matsayin kwas ɗinka a wuraren biyu, idan kuma sabon sashe ne, ka tambaya ko ya taɓa yaye ɗalibai.

Mataki na huɗu shi ne ka gano ainihin inda za ka zauna, domin babu ɗaya daga cikin jami'o'in nan da take wuri guda. A Zariya babban mazauni yana Samaru, amma mai karatun shari'a a Kongo zai yi rayuwarsa, ɗalibin likitanci kuma idan ya kai shekarun asibiti Shika zai koma. A Kano akwai tsohon mazauni kusa da Kabuga, akwai sabo a kan hanyar Gwarzo, ɗaliban lafiya kuma suna ƙarewa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya. Wannan yana da tasiri a kan lissafin da iyaye suke yi na cewa yaro zai zauna a gidan dangi, domin gidan kawu da ke wancan gefen birnin Kano zai iya cin awa guda da kuɗin adaidaita sahu biyu ko uku kafin a isa lacca ta ƙarfe takwas. Idan da hali, ka je wuraren biyu da ƙafarka kafin ka yanke hukunci, tunda zuwa da kai ya fi saƙo. Ka shiga sashen, ka leƙa ɗakin lacca da ɗakin karatu, ka ga ɗakunan kwanan ɗalibai da yanayin ruwa da wuta, ka tambaya yadda ake samun gado da kuma ko sababbin ɗalibai suna samu. A jami'o'i masu wannan girma gadaje ba sa isar kowa, saboda haka ka tambayi kuɗin hayar ɗaki a unguwannin da ɗalibai suke zama, kamar Samaru da Hayin Dogo a Zariya, ko Danbare da Rijiyar Zaki a Kano.

Mataki na biyar aikin takarda da biro ne, kuma ya kamata a yi shi tare da wanda zai biya, ko Baba ne, ko yaya, ko kawun da ya ɗauki nauyi. A ja layi a tsakiyar takarda, a rubuta jami'a ɗaya a dama ɗaya a hagu. A fara da kuɗin karɓar gurbi da kuɗin rajista kamar yadda jami'ar ta wallafa na wannan zangon, domin jami'o'in tarayya da dama sun ƙara kuɗinsu a 2023, kuma adadin da wani ya biya a baya zai iya ruɗar da ku. A kuma lura cewa kuɗin ya bambanta daga tsangaya zuwa tsangaya, na lafiya da na injiniya sukan fi tsada. Sai kuɗin gado ko haya, da abinci, da zirga-zirgar cikin gari, da kayan da kwas ɗin yake buƙata kamar kwamfuta ko kayan zane ko rigar ɗakin gwaji, da kuɗin data da buga takardu. Sai kuɗin motar zuwa gida, wanda aka fi rainawa: yaron da zai zo gida sau huɗu a shekara, sallah biyu da hutu biyu, tafiya takwas ke nan, a shekara biyar kuwa tafiya arba'in. Bayan an haɗa na shekara guda, a ninka da shekarun kwas ɗin, wato huɗu ga yawancin fannoni, biyar ga shari'a da injiniya da aikin gona, shida ga likitanci, sannan a ƙara shekara guda a kai saboda abin da ka iya tasowa. Gidaje da yawa suna iya haɗa kuɗin shekarar farko, domin lokacin murna ne kuma dangi suna sa hannu. Shekara ta uku ce take nuna gaskiya, lokacin da ƙannen yaron suka taso su ma suna neman nasu. Kusanci da gida yana rage nauyi ta hanyar da ba ta fitowa a takardar rajista, domin ɗalibin da ake iya aika wa da shinkafa da wake da garin kwaki da ƙuli-ƙuli ta hannun direban tasha yana kashe abin da bai kai na wanda ke sayen komai a kasuwa ba.

A wannan lissafin a sa tallafin da ake iya samu, amma kada a gina komai a kansa. Asusun ba ɗalibai rance na NELFUND, wanda ya fara aiki a 2024, yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a tare da ba ɗalibi kuɗin kashewa na wata-wata, babu ruwa a kansa, kuma ana fara biya ne shekara biyu bayan kammala bautar ƙasa. Bashi ne, kuma ya kamata yaro ya san hakan kafin ya nema. Akwai kuma tallafin karatu na gwamnatin jiha ga 'yan asalin Katsina. Tunda ɗaliban jami'o'in biyu duk suna iya neman waɗannan, ba su ne za su raba muku gardama ba.

Mataki na shida shi ne hanya. Daga Katsina zuwa Kano kimanin kilomita 170 ne ta Kankiya da Tsanyawa da Bichi, daga Daura kuma ta Kazaure da Dambatta ya fi haka kusa, mutum zai iya zuwa ya dawo a yini ɗaya. Zariya ta fi nisa: ko a bi ta Malumfashi da Funtua a faɗa Shika da Samaru tun kafin a shiga cikin gari, ko a zagaya ta Kano. Ga ɗan Funtua ko Bakori ko Ɗanja lissafin ya juya, domin Samaru tana bakin ƙofarsa. Kudancin jiharmu ya sha fama da matsalar tsaro a shekarun nan, saboda haka duk wanda zai riƙa bin wannan hanya ya saba da fita da sassafe da shiga mota a tasha, ya kuma riƙa tambayar direbobi halin da hanya take ciki. Ga 'ya mace, iyaye sukan fi ba kusanci nauyi, kuma ban ga laifinsu ba, amma ina roƙon kada nisa kaɗai ya sa a raba yarinya da kwas ɗin da ta cancanta, musamman a fannin lafiya inda asibitocinmu suke matuƙar buƙatar mata. Abin da ya kamata a bincika mata shi ne samun gado a cikin makaranta, da amintaccen gida a garin da za ta iya zuwa idan rashin lafiya ta kama ta ko aka rufe makaranta ba zato.

Game da yajin aiki, kada wani ya ce maka ɗaya ta tsira. Malaman jami'o'in biyu duk 'yan ƙungiyar ASUU ne, kuma yajin aikin 2020 da ya ɗauki kusan wata tara da na 2022 da ya ɗauki wata takwas duk sun rufe su tare. Abin da ya bambanta shi ne inda kalandar kowace ta tsaya yanzu, saboda haka ka tambaya yaushe sababbin ɗalibai za su fara lacca a kowane wuri, domin tazarar tana iya kai watanni.

Mataki na bakwai shi ne zama da iyaye. Ka je musu da takardar lissafin da abin da ka ji daga ɗaliban sassan biyu, ka yi magana cikin ladabi, ka bar su su gama tasu kafin ka kawo taka. Idan ra'ayinka ya saɓa da na Baba, ya fi kyau ka nemi wani babba da yake jin maganarsa, kamar Baffa ko tsohon malaminka na sakandare, ya zauna da ku, maimakon ka tsaya jayayya da shi. Su ma iyaye ina tuna musu cewa yaron ne zai zauna a ajin ya rubuta jarrabawar, kuma wanda aka tura fannin da ba ya so saboda a ce ɗan wane yana jami'a kaza yakan kwashe shekaru yana jan darussan da ya faɗi. Bayan shawara sai a yi istihara, a kuma sa wa kai ranar yanke hukunci wadda ta riga wa'adin JAMB da na jami'ar, domin gurbin da aka bari ba a amsa ba yana iya komawa ga wani. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma jinkirin da ake yi da fatan riƙe duka biyun ya sa wasu sun rasa kowanne.

Mataki na ƙarshe shi ne aiwatarwa, kuma a bi shi a jere. Idan wadda ka zaɓa ita ce ke CAPS, ka danna amincewa da hannunka. Idan ɗayar ka zaɓa, kada ka ƙi wanda ke hannunka sai ka je ofishin ɗaukar ɗalibai na jami'ar da kake so, an tabbatar maka cewa sunanka yana cikin waɗanda za a ɗora, an kuma gaya maka ko sai ka yi canjin jami'a a ofishin JAMB ko a cibiyar da ta amince da ita. Bayan ka amince, ka buga takardar gurbi ta JAMB da ta jami'ar, ka biya kuɗi ta hanyar da jami'ar ta bayyana a shafinta kaɗai, yawanci ta tsarin biyan kuɗi na Remita, kada ka tura wa kowa kuɗi a asusunsa na kansa, kuma ka adana kowane rasit. Ka haɗa takardunka na asali da kwafinsu: sakamakon sakandare, takardar makin JAMB, takardar haihuwa, takardar shaidar ƙaramar hukuma, da hotunan fasfo masu yawa. Ka duba cewa sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a JAMB da WAEC ko NECO da katin ɗan ƙasa, domin bambancin da ke tsakanin Muhammad da Mohammed, ko musayar sunan uba da na kaka, yana iya tsayar da mutum a wajen tantancewa, kuma gyara shi daga Katsina ya fi sauƙi a kan gyara shi kana tsaye a layi a wani gari. Da zarar an buɗe neman gado, ka nema a ranar farko, sannan ka sanar da ɗan garinku da ka yi magana da shi ranar da za ka iso, domin ya tare ka a tasha ya nuna maka ofishin da za ka fara shiga.